Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan tsohuwar magana ta samu sabon wurin zama a cikin wata harka da ta bunƙasa a Amurka da ƙasashen Turai tun daga wajajen shekarar 2009, wato karo-karon da ake yi ta hanyar intanet, wanda Faransawa ke kira « financement participatif ». Mutum yana da wani aiki da yake son yi, ko fim ne, ko littafi, ko wata na'ura da ya ƙirƙiro, ko kuma rashin lafiya ce ta tasa shi gaba, amma aljihunsa bai kai ba, banki kuma bai yarda da shi ba. Sai ya fito bainar jama'a ya bayyana bukatarsa, ya faɗi yawan kuɗin da yake nema da ranar da zai rufe kira, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Tambayar da ke damun mai kira da mai bayarwa baki ɗaya ita ce: shin ana iya sanin tun da wuri ko kuɗin za su cika? Masu bincike na jami'o'i da dama sun amsa da cewa ana iyawa, har ma sun koya wa kwamfuta yin wannan hasashe. To amma dalilin da ya sa ake iyawa ya fi amsar kanta amfani, domin yana nuna cewa mafi yawan kiraye-kirayen nan an riga an yanke musu hukunci tun kafin a buɗe su.

Dillali da la'adarsa

Gidan karo-karon da ya fi suna shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a birnin Niyok cikin watan Afrilu na 2009. Aikinsa aikin dillali ne. Shi ba ya ba da kuɗi, ba ya kuma sayen komai, haɗa mai nema da masu bayarwa kaɗai yake yi, in ciniki ya faɗa ya cire la'adarsa ta kashi 5 cikin 100. Dokarsa mai tsanani ce. Mai kira shi ke yanka wa kansa adadin da yake so, shi ke kuma sa wa'adi, wanda ba ya wuce kwana 60. In ranar rufewa ta zo kuɗi sun cika, ya kwashe duka har da rarar da aka samu. In kuwa ko tamma ɗaya ce ta rage, ba a cire wa kowa komai daga asusunsa, mai kira ya tashi hannu Rabbana. Masu bayarwa kuma ba hannun jari suke saye ba, alkawarin tukuici ake yi musu: littafin in an buga shi, na'urar in an ƙera ta, ko a rubuta sunansu a ƙarshen fim. A Faransa, gidajen Ulule da KissKissBankBank, waɗanda suka fara aiki a wajajen 2010, bisa irin wannan doka suka tashi. Akwai kuma masu sassauci, kamar GoFundMe na Amurka, inda mai kira ke riƙe duk abin da ya samu, ko ya cika ko bai cika ba.

Ƙididdigar da Kickstarter ke bugawa da kansa ta nuna cewa cikin kira goma, kusan huɗu ne ke cika. Wani malamin jami'ar Pensilbaniya mai suna Ethan Mollick ya bi diddigin kira sama da 48,500 na wannan gida, ya fito da sakamakon bincikensa a 2014. Abu na farko da ya gano shi ne masu faɗuwa da nisa suke faɗuwa, masu ci kuma da ƙyar suke tsallakewa. In an haɗa dukan waɗanda suka kasa aka raba, abin da kowanensu ya tara bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 na abin da ya nema ba, kuma uku kacal cikin ɗari ne suka kai rabin hanya. Su kuwa waɗanda suka ci, rabinsu ba su ɗara adadin da suka yanka da fiye da wajen kashi 10 cikin 100 ba. Ma'ana, ba safai ake samun wanda ya zo dab da bakin gaɓa ya nutse ba. Ko dai kira ya mutu tun yana jariri, ko kuma ya rayu har ƙarshe. Hanyoyin biyu da wuri suke rabuwa, kuma wannan rabuwar ita ce ta buɗe ƙofar hasashe.

Awa huɗu

A shekarar 2013, wasu masana uku na babbar makarantar fasaha ta birnin Lozan a ƙasar Suwis, Vincent Etter da Matthias Grossglauser da Patrick Thiran, suka sa kwamfuta ta riƙa leƙa kira kusan 16,000 na Kickstarter, tana rubuta yadda kuɗi ke shiga tun daga buɗewa har rufewa, tana kuma ƙirga yawan masu zancen kowane kira a Twitter. Dabarar da suka bi mai sauƙin ganewa ce. In sabon kira ya fito, sai na'urar ta kwatanta tafiyar kuɗinsa ta farko da ta dubban kiraye-kirayen da suka gabata, ta nemo waɗanda suka fi kama da shi, ta duba yadda suka ƙare. Awa huɗu bayan buɗe kira, hasashen ya yi daidai sau 76 cikin 100. Da aka cinye kashi 15 cikin 100 na wa'adi, wato kwana huɗu da rabi ga kiran wata ɗaya, dacewar ta kai wajen 85 cikin 100.

Ya kamata a auna wannan adadi da hankali. Tunda fiye da rabin kiraye-kiraye faɗuwa suke yi, mutumin da ya zauna yana cewa « ba zai cika ba » ga duk kiran da aka nuna masa, shi ma zai dace fiye da rabin lokaci ba tare da ya san komai ba. Ke nan gwanintar na'ura ita ce tazarar da ke tsakanin hamsin da ɗoriya da saba'in da shida. Tazara ce babba, amma kira ɗaya cikin huɗu yana kuɓuce mata a waɗannan awoyi na farko.

Shi kansa Kickstarter ya daɗe yana sanar da cewa kiran da ya tsallake kashi 20 cikin 100 na adadinsa, kusan takwas cikin goma suna kaiwa ƙarshe lafiya. Wasu masana biyu na Amurka, Venkat Kuppuswamy da Barry Bayus, sun kuma nuna cewa kuɗi sun fi shiga a makon farko da makon ƙarshe, tsakiya kuwa kasuwa kan yi sanyi. Wanda bai yi ciniki da safe ba, da wuya la'asar ta cece shi.

Su wane ne ke zuba kuɗin farko?

In awa huɗu sun isa a hango ƙarshe, sai a tambaya su wane ne ke zuwa cikin waɗannan awoyi. Baƙon da ke wata nahiya bai ma ji labarin kiran ba tukuna. Amsar ta fito daga wani bincike da masana uku na jami'ar Toronto a Kanada, Ajay Agrawal da Christian Catalini da Avi Goldfarb, suka buga a 2011 game da SellaBand, wani gidan karo-karo na birnin Amsterdam inda a wancan lokaci mawaƙa ke neman dalar Amurka 50,000 domin su buga faifai. Sun samu cewa tsakanin mawaƙi da mai ba shi kuɗi akwai nisan da ya kai wajen kilomita 5,000 in an yi lissafin tsaka-tsaki, abin da zai sa a ɗauka intanet ta shafe zancen kusa da nesa. To amma da suka duba lokacin da kowa ya bayar, sai suka ga kuɗin farko daga dangi da abokai da maƙwabta suke fitowa. Na nesa jira suke yi sai sun ga asusu ya fara nauyi kafin su sa hannu.

Binciken Mollick ya ƙarfafa wannan. Ga mai neman kuɗin yin fim, in abokansa a Facebook goma ne, damar cikawarsa wajen kashi 9 cikin 100 ce. In ɗari ne, ta kai 20. In dubu ne, ta kai 40. Fim ɗin bai canza ba, yawan jama'ar mai shi ne ya canza.

Akwai kuma wani gwaji da ya nuna cewa kuɗin farko da kansu suna jawo na biyu. A 2014, masanin zaman jama'a Arnout van de Rijt da abokan aikinsa sun ɗauki sababbin kiraye-kiraye 200 na Kickstarter waɗanda ba wanda ya ba su komai. Suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, suka ba rabi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suka ƙyale ɗaya rabin. Cikin waɗanda aka ba, kashi 70 cikin 100 sun samu wani ya biyo baya da tasa gudummawa. Cikin waɗanda aka ƙyale, 39 ne kaɗai. Tunda ƙuri'a ce ta zaɓa, ba a iya cewa nagartar aiki ce ta bambanta su. Ɗan Adam ne ba ya son ya zama na farko a rumfar da ba kowa.

Wannan ɗabi'a ta girmi intanet da nisa. A 1885, mutum-mutumin nan na ƴanci da Faransa ta ba Amurka kyauta ya rasa dakalin da za a kafa shi a kai, domin kuɗin gini sun ƙare. Mai jaridar « The World » ta Niyok, Joseph Pulitzer, ya buɗe kira a cikin jaridarsa, ya kuma yi alkawarin buga sunan duk wanda ya bayar, ko da abin da ya kawo bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Cikin wata biyar aka tara sama da dalar Amurka 100,000 daga hannun mutum fiye da 120,000, aka kuma yi bikin buɗe mutum-mutumin a watan Oktoba na 1886. Pulitzer yana da masu karatu dubbai tun kafin ya yi kira, jerin sunayen da yake bugawa kuma yana shaida wa kowa cewa maƙwabcinsa ya riga shi.

Haka labarin fim ɗin Faransa mai suna « Demain » yake. A 2014, Cyril Dion da Mélanie Laurent sun nemi yuro 200,000 a KissKissBankBank, wato wajen miliyon 131 na sefa. Suka tashi da yuro 444,390, sama da miliyon 291, daga hannun mutum fiye da 10,000. Ita Laurent sananniyar ƴar wasan silima ce, shi kuma Dion ya yi shekaru yana jagorantar ƙungiyar Colibris ta masu kare muhalli. Taron da ya amsa kiransu taro ne da aka daɗe ana tarawa.

Duk wanda ya san al'adar biki tsakanin matan Maraɗi ko Damagaram ba zai yi mamakin wannan ba. Tsohuwar da ta san unguwa tana iya faɗin abin da mai jego za ta tara ranar suna tun cikin bai tsufa ba, domin ta san gidajen suna da na aure nawa matar ta taka, da abin da ta kai wa kowace ƙawa. Zumunta a ƙafa take. Abin da kwamfutar Lozan ke ƙirgawa cikin awa huɗu, sawun ƙafar mai kira ne na shekarun da suka wuce.

Girman buri da alamun shiri

Bayan jama'a, abu na biyu da masu hasashe ke dubawa shi ne girman adadin da aka yanka. Mollick ya samu cewa gwargwadon yadda adadi ya ƙaru, gwargwadon yadda damar cikawa ke raguwa, kuma tsawaita wa'adi ba ya taimako: kiran kwana 30 ya ɗan fi na kwana 60 dacewa. Misali mafi girma shi ne na kamfanin Canonical na birnin Landan, wanda ya nemi dalar Amurka miliyon 32 a gidan Indiegogo a 2013 domin ƙera wata wayar hannu mai suna Ubuntu Edge. A kwanan farko kaɗai an zuba sama da miliyon 3, kowa ya ce magana ta ƙare. To amma domin a cika, sai an samu fiye da miliyon ɗaya kowace rana har kwana 30. Magoya bayan kamfanin sun zo da wuri, suka bayar, suka ƙare, baƙi kuma ba su zo da yawan da ake bukata ba. Aka rufe da miliyon 12.8, kuɗi suka koma ga masu su. Jama'ar kamfanin tana da yawa, amma burinsa ya fi ta girma.

Abu na uku shi ne alamun da ke nuna mai kira ya shirya. A binciken Mollick, kiran da ke da ɗan fim na bayani ya fi wanda ba shi da shi dacewa, haka wanda mai shi ke sanar da jama'a halin da ake ciki tun kwanakin farko. Kuskuren rubutu kuwa yana tafiya tare da raguwar damar cikawa da wajen kashi 13 cikin 100. A wannan shekara ta 2014, Tanushree Mitra da Eric Gilbert na makarantar fasaha ta Jojiya a birnin Atlanta sun tace kalmomin kira kusan 45,000. Suka ga cewa masu ci sun fi yin maganar abin da mai bayarwa zai samu da kuma nuna cewa wasu sun riga sun shigo, masu faɗuwa kuma sun fi yin kukan rashi da magiya.

A nan akwai wani rami da masu neman gajeriyar hanya ke faɗawa. Waɗannan alamomi shaida ce ta shiri, kamar yadda hayaƙi ke shaidar wuta. Wanda ya gyara baƙaƙensa ya kuma kwafi kalmomin masu nasara alhali bai tara kowa ba, ya yi hayaƙi ne ba tukunya a murhu.

Labarin wani Ba'amurke mai suna Ryan Grepper, na birnin Portland, ya haɗa dukan waɗannan abubuwa wuri ɗaya. A ƙarshen 2013, cikin tsananin sanyi, ya nemi dalar Amurka 125,000 domin ƙera wani akwatin ƙanƙara mai injin markaɗe da lasifika, wanda ya sa wa suna Coolest Cooler. Ya tara ɗan sama da 100,000, ya faɗi. Cikin watan Yuli na 2014, lokacin zafi, ya dawo da akwatin bayan ya gyara shi, ya rage adadi zuwa 50,000, yana kuma riƙe da sunayen waɗanda suka goya masa baya a karon farko. Aka rufe da sama da miliyon 13 daga hannun mutum fiye da 62,000. Lokaci ya canza, buri ya ragu, jama'a kuma suna jira a bakin ƙofa.

Abin da hasashe ba ya gani

Na'ura daga abin da ya taɓa faruwa take koyo, saboda haka abin da ba a taɓa gani ba yakan wuce ta. A 2014 wani saurayi mai suna Zack Brown, na birnin Kolombus a jihar Ohayo, ya nemi dalar Amurka 10 cikin raha domin ya yi kwaɗon dankalin Turawa. Labari ya bazu, jaridu suka ɗauka, mutum 6,911 suka tara masa 55,492. Ba wani lissafi da zai hango wannan, ba kuma wanda ya isa ya gina shirinsa a kan irin wannan sa'a.

Amma babban abin da hasashe ba ya gani ya fi wannan nauyi. Duk binciken da aka ambata a sama cikar kuɗi yake aunawa, bai ce komai ba game da cika alkawari. Shi Grepper da ya tara miliyon 13, kuɗin ƙira da na aikawa sun fi ƙarfin lissafinsa, kamfaninsa ya rufe a watan Disamba na 2019, mutum sama da 20,000 da suka biya ba su ga akwatinsu ba. A Birtaniya, masu ƙera wani ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai suna Zano sun tara fam miliyon 2.3 daga hannun mutum wajen 12,000, kamfanin ya durƙushe a watan Nuwamba na 2015, mafi yawan masu bayarwa ba su samu komai ba. Mollick ya gano cewa cikin masu alkawarin ƙera kaya, fiye da kashi 75 cikin 100 ba sa kawowa a kan lokaci, kuma jinkirin ya fi yawa ga waɗanda suka tara fiye da abin da suka nema, domin wanda ya shirya wa baƙi ɗari, in dubu goma suka zo, tukwanensa ba za su ɗauka ba. A wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 9 cikin 100 na kiraye-kirayen da suka cika ba su kawo tukuicin da suka alkawarta ba sam. Alkawari kaya ne, yawan masu tafi kuma ba ya rage masa nauyi.

Wanda ba shi da jama'a

In abin da ake nema kuɗin fim ne ko na akwatin ƙanƙara, faɗuwa ba ta wuce jin kunya da asarar lokaci ba. In kuwa kuɗin asibiti ne, rai ne a kan sikeli. A 2022, Nora Kenworthy da Mark Igra na jami'ar Washington sun buga sakamakon binciken kira sama da 437,000 da Amurkawa suka yi a GoFundMe tsakanin 2016 da 2020 domin biyan kuɗin magani. Ƙasa da kashi 12 cikin 100 ne suka cika adadinsu, kashi 16 cikin 100 kuma ko tamma ba su samu ba. Abin da ya fi ɗaci shi ne kiraye-kirayen da suka fito daga yankunan masu hali sun fi tara kuɗi, na yankunan da bashin asibiti da rashin inshora suka fi yawa kuma sun fi komawa da ƙoƙo a bushe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya bi bayanin da ya gabata. Tunda kuɗin farko daga dangi da abokai suke fitowa, talaka danginsa talakawa ne, abokansa ma haka. Asusunsa ya kwana ba kowa, baƙo ya leƙa ya ga wayam ya wuce. In kuma gidajen karo-karo suna sa kiran da ke tashe a gaban shafinsu, kamar yadda suka saba, ko masu bayarwa suna bin hasashe suna zuba kuɗi inda aka ce za a ci, to hasashen da kansa ya shiga cikin masu tabbatar da abin da ya faɗa. Ruwa sai ya riƙa gangarawa inda tabki yake. Saboda haka duk hukumar da ta ga jama'a na karo-karo ta ɗauka an sauke mata nauyin asibiti da makaranta, ta yi kuskuren lissafi, domin wannan hanya ta fi buɗewa ga wanda bukatarsa ta fi sauƙi.

Darasi ga mai kira da mai bayarwa

Mazaunin Nijar ba ya iya buɗe kira kai tsaye a Kickstarter ko GoFundMe, domin ƙasar ba ta cikin jerin waɗanda gidajen suka amince wa. Sai dai ta hannun wani ɗan uwa da ke Turai ko Amurka. Amma irin wannan kira yana gudana kullum ta WhatsApp da shagunan aika kuɗi, tsakanin mutanen gari da ƴaƴansu da ke ci-rani a Abijan, Legas ko Tarabulus, domin gina rijiya, rufa aji, gyara masallaci ko ɗaukar marar lafiya zuwa Yamai. Ba kwamfuta a nan, amma ɗabi'ar da ta auna ita ce dai.

Ga mai kira, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya buɗe baki, ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen waɗanda ya tabbata za su bayar da abin da kowanensu zai iya, ya kuma yi magana da su ɗaya bayan ɗaya. In jimillar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake nema ba, ya rage buri, ko ya raba aikin mataki-mataki, ko ya jinkirta. Ya roƙi na kusa su zo ranar farko, kada su jira ƙarshe. Ya faɗi kuɗin kowane abu dalla-dalla, buhun siminti nawa, ladan magina nawa, ya kuma riƙa sanar da abin da ya shigo da wanda ya fita, tun ba a tambaye shi ba. Kiran da aka yi wa lissafi a fili shi ke share wa na gaba hanya.

Ga mai bayarwa, yawan waɗanda suka riga shi shaida ce cewa kuɗi za su cika, amma ba ta lamunce masa cewa aiki zai tabbata ba. Ya tambayi wanda ke riƙe da asusu, ko ya taɓa yin irin wannan aiki, da abin da za a yi da rara in an samu, da inda kuɗi za su koma in aka kasa. In kuwa taimako ya nufa domin Allah, gwajin van de Rijt, ko da yake a kan Kickstarter aka yi shi, ya bar masa abin tunani: ɗan abin da aka sa a asusun da ba kowa ya ɗaga rabon samun mai biyo baya daga 39 zuwa 70 cikin 100. Jika ɗaya a kiran da ya riga ya cika ɗigo ce a cikin kogi, amma a kiran da ya kwana uku ba wanda ya leƙa, tana iya zama ita ce ta buɗe ƙofa. Allah ya sa a dace.